Abin da ya rage a kan rariya

Laccar da aka gabatar wa ɗaliban kimiyya a Damagaram, an rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Malamaina, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Mirya zai tuna ƙyallen tace ruwa da aka riƙa rabawa lokacin yaƙi da kurkunu, har aka tabbatar a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi. Uwa ta tace, ta sha ruwan, ta kakkaɓe ƙyallen. To mu a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje, abin da take zubarwa shi ne namu. Kamar mai tankaɗe ce da ta bar gari ta kwashi tsaki.

Yanzu magunguna da yawa da alluran rigakafi ba haɗa su ake ba, rainon su ake. Ana kiwon ƙwayoyin halitta cikin manyan tankuna, cikin romo mai ɗumi da sukari. Romon nan kowace bakteriya tana son sa. Idan guda goma suka faɗa cikin lita, ka ɗebi ɗigo ɗaya ka duba, me za ka gani? Ba komai. Sai ka tura ruwan ta wata ƴar fata mai ƙananan ƙofofi, su taru a kanta, ka ɗora ta a kan abincinsu, ka jira su yi ɗigo-ɗigo ka ƙirga. Haka ake gwada ruwan sha ma: mililita 100, fata mai ƙofar mikiron 0,45 (mikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita). Maganin allura kuwa kwana 14 ake jira kafin a ce ba komai ciki.

Amma ku saurara, nan ne na fi so ku riƙe. Fatar nan ba ta faɗa maka ruwa tsarkakakke ne. Abin da ya fi ƙofarta girma kawai take nuna maka. An daɗe ana amincewa da 0,45 sai aka gano wata bakteriya tana sulalewa, aka koma 0,22. Mikoplasma kuma, wata irin ƙaramar bakteriya, da yake ba ta da ɓawo, tana matsewa ta wuce wannan, sai 0,1. Birus fa, ƙwayar cutar da ta fi bakteriya ƙanƙanta? Ai ta haka aka fara gano shi: a 1892 Ibanobski, wani masanin Rasha, ya tace ruwan ganyen taba mai ciwo ta matacin da Shambalan, abokin aikin masanin Faransa Fasto (Pasteur), ya ƙera, ruwan ya fito garau amma yana harbin wani ganyen. Ƙananan birus ba su wuce nanomita 20 ba (nanomita kashi ɗaya ne cikin dubu na mikiron). Su sai fata mai tsananin matsi, wadda ke zubar da ruwa ta tattara su wuri guda, sannan a nemi gadon halittarsu da na'urar PCR, mai ninka gadon halitta har a gano shi.

Kada ku ɗauka matsalar talakawa ce. A 2009 birus ya shiga tankunan kamfanin Genzyme a Amurka, aka rufe masana'anta, marasa lafiya suka shiga ƙarancin magani.

Nan gida, ni abin da ya fi damuna ƙura ce. Lokacin hunturu ka buɗe fata minti ɗaya, ka ƙirga ƙwayoyin unguwar Zango ka ce na samfur ne. Shi ya sa kullum za ku tace ruwa mai tsarki a gefe don shaida. Na ga hannu can baya, bismilla ƙanwata, ɗaga murya.