Rangwamen haraji ba ya biyan kuɗin haya

Kwanakin nan, da zarar an taɓo maganar ƙaramin garin da ke gefen babban birni, irin wanda mutanensa ke kwana a ciki amma su kai kuɗinsu birni, sai ka ji an ce: ai a yafe wa 'yan kasuwa haraji kawai, za su zo da gudu. An turo mini wannan magana har na gaji. To mu duba ta.

Wannan filin da kuke gani Mount Pleasant ne, a jihar Wiskonsin ta Amurka. A 2017 kamfanin Foxconn, mai haɗa kayan lantarki, ya yi alkawarin zuba dala biliyan 10 a nan da ɗaukar ma'aikata 13,000, jihar kuma ta yi masa tanadin rangwame na kusan dala biliyan 3. Hukumomin yankin suka ci bashi, suka sayi filaye, suka ja ruwa da hanyoyi, aka tashi mutane daga gidajensu. A 2021 aka sake zama, aka rage alkawarin zuwa ma'aikata 1,454. Ku ƙara kallon filin, ni ba sai na ce komai ba.

Masanin tattalin arziki Timothy Bartik ya tattara binciken da aka yi kan irin wannan rangwame, ya gano cewa aƙalla kashi 75 cikin 100 na kamfanonin da suka karɓa, ko ba a ba su ba, nan ɗin za su zauna. Wato an yi wa mai zuwa gida kuɗin mota ne kawai.

Amma ba wannan ne ya sa na haɗa bidiyon ba. Ga wurin da ake yin kuskuren, ku ɗan saurara.

Wannan shago ne da aka lulluɓe gilasansa da takarda. A ce wata baiwar Allah ta kama shi haya, ta sa hannu ranar ɗaya ga wata. Daga ranar haya ta fara ci. Ba ta sayar da ko allura ba, amma mai gini yana jiran kuɗinsa, banki ma haka. Tana buƙatar izinin gyaran gini. Tana buƙatar jami'in kashe gobara ya zo ya duba. Akwai lasisin kasuwanci, akwai izinin kafa allon suna. Kowanne da ofishinsa, kuma wannan ba ya sa hannu sai wancan ya sa. Idan takardarta ta kuskure zaman kwamiti da kwana ɗaya, sai wata mai zuwa.

Yanzu ku zo mata da albishir ɗin rangwamen haraji. Me za ta yi da shi? Galibin irin wannan rangwame sai an buɗe ƙofa an fara ciniki ake cin moriyarsa, ita kuwa jarinta yana tsiyayewa ne tun ƙofar tana rufe. Babban kamfani yana da lauyoyi da kuɗin da zai jira shekara guda ko a jikinsa. Ita wata huɗu sun isa su cinye kuɗin da ta ware don sayen kaya, ta buɗe da kanta rabi babu komai.

Don haka abin da ƙaramin gari yake da iko a kansa, kuma ba ya cin kuɗin kirki, shi ne waɗannan watannin. Mutum ɗaya a ofishin gari da zai riƙe takardarta daga farko har ƙarshe. Jerin abubuwan da ake buƙata a shafi ɗaya, tun kafin ta sa hannu a haya. Wa'adi a rubuce, yadda ofis ma zai san ana ƙirga masa kwanaki. Ni a ganina wa'adin ya fi komai, don ɗan kasuwa zai iya jure jira idan ya san ranar ƙarewarsa.

Sai dokar wurin ajiye motoci, wadda ba mai kula da ita sai ta cije shi. Gurbin mota ɗaya, haɗe da hanyar shiga, yana cin kusan murabba'in mita 30. A ce wa mai ƙaramin shago a tsohon gini ya samar da gurbi goma, a ina? Sai dai ya rushe maƙwabcinsa. Garin Fayetteville na jihar Arkansas ya soke wannan sharaɗi ga gine-ginen kasuwanci a 2015, wasu gine-ginen da suka daɗe a kulle suka sami masu haya.

Sauran kuwa kun san su: fitilun titi, hanyar ƙafa, tsafta, gari ya riƙa sayen kayan aikinsa a hannun 'yan gari.

Wannan kuma Littleton ne, a gefen birnin Denba na jihar Colorado a Amurka. A 1987 kamfanin Martin Marietta ya sallami dubban ma'aikata a yankin. Maimakon farautar wani katafaren kamfanin, garin ya juya ga ƙananan da yake da su, yana nemo musu bayanan kasuwa: ina masu saye suke, su wa ke gogayya da su. Cikin kimanin shekara 20 guraben aiki a garin suka ninka. Kada dai mu zuzuta, duk yankin Denba yana bunƙasa a lokacin. Sai dai Littleton bai sayi kowa da rangwame ba.