Darasin Kiwo: Kula da Ƙaramar Goɗiya Mai Ciki da Shirin Daren Haihuwarta

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Yau muna cikin barga a bayan garin Gombe, a kan hanyar Dadin Kowa, kuma darasinmu ya shafi ƙananan dawakin nan na sha'awa da wasu masu kiwo ke ajiyewa a gida. Goɗiyar da kuke gani a gefena ba dukusa ba ce, ta gama girmanta sarai, ga shi kuma ko ƙuguna ba ta kai ba. Ƙungiyar masu kiwon irinta da aka kafa a Amurka a 1978 ba ta rajistar dokin da ya haura inci 34, wato kimanin santimita 86. Wannan ƙanƙantar ita ce tushen duk abin da za mu faɗa yau, domin ƙaramar goɗiya ta fi babba fuskantar tangarɗa wajen haihuwa, kuma idan tangarɗar ta zo, mintuna kaɗan ne a hannunku.

Ina ɗauka kun rubuta ranar barbara, kuma likitan dabbobi ya duba ta da na'ura tsakanin kwana 14 zuwa 16 domin tabbatar da cewa ba tagwaye ba ne, saboda haka ba zan tsaya a kan wannan ba. Babbar goɗiya takan ɗauki kimanin kwana 340, amma ƙananan sukan riga haka, da yawa suna haihuwa tsakanin kwana 320 zuwa 330, wasu ma kafin nan. Shi ya sa ni da zarar an cika kwana 300 nake fara tsaro, ba na jiran wata goma sha ɗaya ya cika. Wannan da ke gabanmu ta riga ta haura 310.

A watanni uku na ƙarshe ne ɗan ke yin mafi yawan girmansa, don haka a lokacin ake ƙara mata abinci, da kaɗan-kaɗan, a raba shi sau uku ko huɗu a yini tunda cikin ya matse mata hanji. Ni na fi son harawar wake ko ta gyaɗa wadda ta bushe a inuwa, a haɗa da ingirici mai kyau, dusa kuwa ɗan kaɗan, domin dusa zalla ba ta gina ƙashin ɗa. Duk harawar da ta yi fumfuna a zubar da ita. Kada kuma a ba ta abincin kaji ko na shanu na kamfani, domin akan sa musu wani magani wanda yake guba ga doki. Sai dai abin da ya fi damuna game da ƙananan nan shi ne ƙin cin abinci. Su da jakuna suna da wata lalura wadda idan dabba mai ƙiba ko mai ciki ta daina ci, kitsen jikinta yakan narke ya cika jini har ya lalata hanta. Idan ta wuni ba ta taɓa abinci ba, kada ku ce ai naƙuda ce ta kusa, ku kira likita a ranar. Haka nan idan kun ga ta yi ƙiba da yawa, yanzu ba lokacin rage mata abinci da ƙarfi ba ne.

Allurar tetanus ana yi mata saura mako huɗu zuwa shida, domin kariyar ta shiga cikin dakashi ta isa ga ɗan. Maganin tsutsar ciki kuwa sai an ɗora ta a sikeli an san ainihin nauyinta, domin kintace da ido ko awo da tef na manyan dawaki yakan kai mutum ga ba ta fiye da kima. Ku kuma raba ta da dawakin da suka dawo daga hawan sallah ko sukuwa, domin akwai murar dawaki mai jawo ɓari.

Yanzu ku biyo ni ɗakin haihuwar. An kawo ta nan tun makonni da suka wuce domin jikinta ya saba da wurin, kuma faɗinsa mita uku ne a kan mita uku, wanda ya ishe ta kwanciya da juyawa. Kun lura babu turke, babu igiya, babu dabaibayi. Na san mun saba ɗaure doki a turke, amma goɗiya mai naƙuda tana buƙatar ta kwanta, ta tashi, ta yi birgima, domin da wannan motsin ne ɗan ke daidaita kwanciyarsa. Shimfiɗar busasshiyar tattakar shinkafa ce, wadda ba ta wahalar samu a wannan yanki bayan girbi. Ba na son garin katako ko ɓuntu a wannan ɗaki, saboda suna manne wa jiƙaƙƙen ɗa a hanci da cibiya. Ga kuma ƙasan ƙofa mun toshe shi da katako, domin ɗan da za a haifa nauyinsa bai fi kilo goma ba ko kusa da haka, kuma ramin da babban dukushi ba zai shiga ba shi zai zurma. Bahon ruwa mai zurfi mun fitar da shi, mun rataye bokiti a bango.

Malam, riƙe mini ragamarta, ka tsaya ta wajen kafaɗa. A'a, dawo ɓangaren da nake, domin idan ta zabura ta juya kuturinta nesa da mu.

Hantsa takan fara cika saura mako huɗu zuwa shida. Da farko za ku ga ta cika da safe, da yamma bayan ta yi yawo ta saki. Ranar da kuka tarar ta kwana a cike ta kuma wuni a cike, to an matso. Ku sa hannu a gindin wutsiya, nan da nake dannawa, za ku ji naman ya yi laushi, wutsiyar ma idan an ɗaga ba ta gardama kamar da. Gabanta zai saki ya ƙara tsawo, cikin kuma ya sauko ƙasa. A manyan goɗiyoyi akan ga wani ɗan ɗigo mai kama da kakin zuma ya daskare a bakin nono kwana ɗaya ko biyu kafin haihuwa, amma ƙananan da yawa ba sa nuna shi ko kaɗan, saboda haka kada ku dogara da shi. Idan kuma hantsa ta cika tun da sauran watanni, ko kuka ga ruwa mai ƙazanta yana fita ta gabanta, wannan alamar ciwon mahaifa ce, aikin likita ne.

To, ga inda nake so ku nutsu, wato gwajin nono, domin shi ne ya fi kowace alama faɗin gaskiya. Abin da ake amfani da shi wannan 'yar takardar ce mai canza launi, wadda ake gwada ruwan wurin ninkaya da ita. Lallai ne ku duba jikin kwalbar ku tabbatar ma'aunin tsaminta ya sauko har 6.2, domin akwai wadda ke tsayawa a 6.8, kuma wannan ba ta da amfani a gare mu. Ana goge nonon da tsumma mai ɗumi a bar shi ya bushe, sannan a tatsi ɗigo biyu ko uku kacal a cikin busasshen murfi mai tsabta. Ɗigo biyu ko uku na ce, ba rabin kofi ba, domin dakashin ɗan ne kuke taɓawa. Bari in canza wannan murfin, na ga akwai laimar ruwa a cikinsa, kuma ruwan rijiya ko na famfo ko ɗigo ɗaya ne yana iya karkatar da sakamakon. Yauwa. Sai a ɗiga nonon a kan 'yar kusurwar da ke auna tsami, a jira daƙiƙun da aka rubuta a jikin kwalbar, a kara ta da jadawalin launuka a cikin hasken rana ko farar fitila. Kada a karanta a ƙarƙashin jan ƙwan fitila, kada kuma a ajiye ta a dawo bayan minti biyar, domin launin yakan ci gaba da sauyawa.

Muddin lambar tana wajen 7.4 ko sama, da sauran lokaci. Idan ta fara gangarowa zuwa 7, sannan 6.8, sai a koma gwaji safe da yamma. Ranar da ta kai 6.4 ko ƙasa, galibi haihuwa ba ta wuce kwana uku, sau da yawa ma a daren ne. Tamu ta nuna 7.2, ruwan kuma har yanzu tsararo ne mai ɗorawa-ɗorawa, bai yi kauri ya koma fari mai danƙo ba. Ku sani cewa mai cikin fari tana iya faɗowa daga 7 zuwa 6.2 a cikin yini guda. Ita wannan takardar, da safar hannu doguwa da ruwan wanke cibiya, muna haɗa su a jaka guda a shagonmu da ke cikin gari, kuma wanda ya zo daga Bauchi, Kaltungo ko Bajoga akan aika masa ta mota. Amma ko a ina kuka samu, ku rufe kwalbar da kyau, damina tana ɓata ta.

Yawancin goɗiyoyi da dare suke haihuwa, kuma suna iya jinkirtawa idan ana yawan shige da fice a kansu. Dabarata ita ce in rataye tsohuwar waya a kusurwa da fitilar sola mai rangwamen haske, in riƙa kallo daga ɗaki. Wanda ba shi da wannan sai a yi karɓa-karɓa, ana leƙawa kowane minti goma sha biyar ba tare da magana ba. An taɓa kirana wani gida da asuba, inda muka tarar goɗiya ta haihu lafiya ita kaɗai, ɗan cikakke, amma ya mutu a cikin rigar da ya fito da ita saboda babu wanda ya yage masa ita daga hanci. Wannan yana faruwa da ƙananan nan fiye da manya, domin ɗan ba shi da nauyin da zai fasa rigar da kansa.

Farkon naƙuda yana kama da ciwon ciki: tana zagaye, tana waiwayen ciki, tana tonon ƙasa, tana yawan fitsari da kashi kaɗan-kaɗan, gumi yana keto mata a wuya da kafaɗa. A zafin watan Maris da Afrilu gumin kaɗai ba hujja ba ne, sai an haɗa shi da sauran alamun. A nan ne za ku naɗe mata gindin wutsiya da bandeji, ba da ƙarfi ba, ku wanke gabanta da hantsarta, sannan ku sanar da likita cewa ya bar wayarsa a kunne.

Da zarar faya ta fashe, ku duba agogo. Cikin minti biyar zuwa goma ya kamata ku ga wata farar jaka mai shuɗi-shuɗi ta leƙo, a cikinta ƙafafun gaba biyu, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, tafin kofato yana kallon ƙasa, hanci kuma yana kwance a kansu. Idan haka kuka gani, ku ja da baya ku bar ta, cikin minti 20 zuwa 30 an gama. Idan kuwa abin da ya leƙo ja ne jawur mai laushin karan-miski, to mabiyiya ce ta rabu da mahaifa tun ɗan bai fito ba, kuma iskarsa ta yanke. A nan ba a jiran likita. Ku yage ta da yatsu ko almakashi mara tsini nan take, ku kama ƙafafun ku taimaka ya fito. Jawo ɗan kuwa da hannu kawai ake yi, a lokacin da take yunƙuri, a karkata zuwa wajen ƙafafunta na baya. Igiya da ƙarfin maza biyu ba na wannan dabbar ba ne. Idan ta yi minti goma tana yunƙuri babu abin da ya fito, ko kuka ga ƙafa ɗaya kawai, ko kai babu ƙafa, ko kofato yana kallon sama, ku tashe ta tsaye ku riƙa zagayawa da ita domin yunƙurin ya lafa, ku kuma kira likita ya taho.

Da fitowar kai da ƙirji, ku yage rigar daga hancinsa, ku share majina da tawul. Ba a yanke cibiya, za ta tsinke da kanta idan uwar ta miƙe, sai ku tsoma guntun a ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato kulohezidin ko aidin da aka sirka, ku maimaita sau biyu ko uku a yinin farko. Idan lokacin hunturu ne ku goge shi ya bushe, ku tare iska daga ƙofa, domin ƙaramin jiki ba ya riƙe ɗumi.

Daga nan lissafin mai sauƙi ne: ya miƙe cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. Dakashin nan ba a tatse shi a zubar, domin ɗan doki yana zuwa duniya ba tare da garkuwar jiki ba, daga nonon farko yake samunta, kuma hanjinsa ya fi karɓar ta a awanni shida zuwa takwas na farko, bayan yini guda kuwa ƙofar ta rufe. Ku durƙusa da tocila ku tabbatar nonon yana bakinsa kuma yana haɗiya, saboda hantsar tana ƙasa sosai, sau da yawa sai a ga kamar yana sha alhali cinya yake tsotsa. Ku kuma lura da baƙin kashinsa na farko; idan yana ta yunƙuri yana kaɗa wutsiya babu abin da ya fita, a gaya wa likita.

Mabiyiyar da ke reto kuwa ba a jan ta. A ƙulle ta sama da igiya kada uwar ta taka, idan ta faɗo a shimfiɗa ta a ƙasa a duba rassanta biyu ko sun fito cikakku, sannan a ajiye ta a bokiti mai murfi domin likita ya gani. Idan awa uku ta wuce ba ta faɗo ba, ko wani yanki ya yi saura a ciki, a kira shi a daren, domin a goɗiya wannan yana jawo zazzaɓi da ciwon kofato cikin gaggawa, ba kamar saniya ba da ake iya ba ta lokaci. Allurar naƙuda da akan yi domin mabiyiyar ta faɗo kuma, likitan ne zai yi ta da hannunsa gwargwadon nauyinta.

Malam, kana iya sakinta, ka ƙara mata harawa kaɗan, da la'asar kuma za mu sake gwada nonon. Masu kallo, sai mun haɗu a darasi na gaba, wanda zai shafi makon farko na ɗan dukushin. Wassalamu alaikum.