Amsoshin Tambayoyinku: Yaro ɗan wasan gefe, a riƙe shi ko a ba da shi aro?

Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da war haka, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Cikin wasiƙun da suka zo mana a wannan mako akwai uku da suka faɗo kan magana ɗaya, wato makomar matasan 'yan wasan gefe a manyan ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa, don haka muka haɗa su wuri guda.

Ta farko daga wani bawan Allah ce, ga abin da ya rubuto: “A ƙungiyar da nake goyon baya akwai yaro ɗan shekara 19, ɗan wasan gefe, ga gudu ga yanka, amma koci ba ya sako shi sai saura minti biyar ko goma a tashi. Kullum gardamarmu ke nan da abokaina. Su sun ce a tura shi aro, ni kuma ina ganin in ya tafi shi ke nan an rabu da shi. Wa ya fi gaskiya?”

To ɗan'uwa, mun gode da wannan tambaya. In ka tambaye ni, abokanka sun fi kusa da gaskiya, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ne ya fi muhimmanci.

Gudu da yanka baiwa ce, da su yaro yake zuwa. Abin da ba ya zuwa da shi shi ne sanin lokaci. Ka duba abin da ke faruwa idan aka miƙa masa ƙwallo a bakin layi. Mai tsaron baya na gabansa, ɗan tsakiya na tahowa ta bayansa, shi kuma cikin ƙiftawar ido zai zaɓa: ya yanke ya wuce, ya kutsa ciki ya buga, ko ya mayar baya a sake shiri. Yaro mai ɗanyen jini kusan kullum yanka zai zaɓa, ko da abokinsa na tsaye shi kaɗai a gaban raga. Wannan ba a gyara shi da minti biyar. Sai ya yi kuskuren, an ƙwace, an juya an ci ƙungiyarsa, ya ji ihun 'yan kallo a kansa, sannan mako na gaba a sake sa shi. Wasannin 'yan ƙasa da shekara 21 ba sa ba shi wannan darasi, domin can in an sha kashi ba wanda ake kora daga aiki.

Misalin da na fi so a nan shi ne Amad Diallo ɗan Kwaddebuwa. Manchester United ta ɗauko shi daga Atalanta ta Italiya a watan Janairun 2021 yana ɗan shekara 18. Bayan shekara guda aka tura shi aro Rangers ta Skotland. Ya ci ƙwallo a wasansa na farko, kowa ya ce an dace. Ba a daɗe ba suka je gidan Celtic aka lallasa su 3-0, aka cire shi a hutun rabin lokaci, daga nan kuma benci ya fi yawa. Da a ce a nan aka yanke masa hukunci, da an ce United ta yi asarar kuɗinta.

Kakar 2022/23 aka sake tura shi aro, wannan karon Sunderland, a rukuni na biyu na Ingila, inda ƙungiyoyi 24 ke fafatawa, kowace ta buga wasa 46. Kocinsu na lokacin, Tony Mowbray, ya yarda da shi, ya dinga sa shi mako bayan mako. Ya gama kakar da ƙwallo 14, har da wadda ya ɗirka wa Luton a wasan neman haurawa gasar Firimiya.

Ina so ka tuna ƙwallon da ya ci Liverpool bayan ya koma United, a gasar cin kofin FA a watan Maris na 2024, a ƙarshen ƙarin lokaci, wadda ta sa aka tashi 4-3. Mutane sun fi tuna yadda ya tuɓe riga aka ba shi jan kati. Ni abin da ya tsaya mini shi ne mafarin ƙwallon. Liverpool ce ke da bugun kusurwa, Amad ya koma can kusa da gidansu yana tsaro, shi ya sa ƙafa ya ƙwace ƙwallon daga Harvey Elliott. Abokin wasansa Garnacho ya ja ta, Amad ya bi shi a guje tun daga can, ya karɓa, ya aika ta da ƙafar hagu ta daki ƙarfe ta shige. Ɗan wasan gefen da ke komawa ya yi tsaro, sannan ya kasance da sauran numfashi da natsuwa a minti na 120, wannan abin da wasa mai yawa ke haifarwa ne.

Yaro ɗaya, aro biyu, ɗaya bai yi armashi ba, ɗaya ya gyara shi. Saboda haka tambayar da ya kamata ku yi gardama a kanta ita ce, ina za a tura shi? Kocin can shi ya nemi yaron da bakinsa, ko shugabannin ƙungiya ne suka ɗora masa? Salon wasansu na amfani da 'yan gefe, ko dogayen ƙwallo kawai suke cillawa gaba? Wa ke buga wannan gurbi a can? In yaron zai bar bencin gida ne ya je ya zauna a bencin wasu, gara ya tsaya inda yake, aƙalla yana atisaye da manyan 'yan wasa.

Wasiƙa ta biyu daga wata 'yar'uwa ce, tambayarta a taƙaice: “Idan aka ba da ɗan wasa aro, wa ke biyan albashinsa, kuma akwai doka a kai?”

Malama, albashi yarjejeniya ce tsakanin ƙungiyoyin biyu. Wani lokaci mai aro ta biya duka, wani lokaci a raba, wani lokaci ma ta ƙara da kuɗin aro a kai. Akan sa sharaɗin cewa ƙungiyarsa ta asali za ta iya dawo da shi a watan Janairu, akan kuma sa damar saye a ƙarshen kaka, ko ma tilascin saye. Batun doka kuwa, tun watan Yulin 2022 hukumar FIFA ta tsaurara. Aro ba ya wuce shekara ɗaya a yarjejeniya guda, wadda ta ara ba ta da ikon sake ba wata aronsa, kuma daga Yulin 2024 ƙungiya ba za ta tura fiye da 'yan wasa shida aro ƙasashen waje a lokaci guda ba. An ɗage wannan iyaka ga yaran da ƙungiya ta rena da kanta waɗanda ba su wuce shekara 21 ba. A gasar Firimiya kuma ɗan wasan da ke zaman aro ba ya buga wasa idan aka haɗu da ƙungiyarsa ta asali.

Sai ta uku, wadda mai ita ya rubuto da ɗan zafi. Ya ce: “Bukayo Saka bai taɓa zuwa aro ba, ga shi ya zama tauraro. Ni a ganina duk yaron da aka tura aro, an ga bai isa ba ne, ana neman hanyar sallamarsa.”

Yallaɓai, game da Saka gaskiyarka. Sai dai ka tuna yadda ya samu shiga. A kakar 2019/20 rauni ya addabi masu tsaron bayan hagu na Arsenal, aka mayar da shi can, ya yi ta buga wasa a gurbin da ba nasa ba. Abin da wasu ke fita nema a waje shi ya same shi a gida. Ba kowane yaro ƙofa ke buɗe wa haka ba.

Tsoron da kake ji kuma ba na banza ba ne, domin ƙungiyoyi na yin aro don kasuwa. Newcastle ta sayi Yankuba Minteh ɗan Gambiya a 2023, ta tura shi Feyenoord ta Holan, ya haskaka, ta sayar wa Brighton shi a 2024 ba tare da ya taɓa buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Magoyin bayan Newcastle na da hujjar jin haushi, amma shi yaron aron ne ya ɗaga shi.

Inda ba zan bi ka ba shi ne cewa aro alamar gazawa ce. Chelsea ta tura Victor Moses Liverpool, ta tura shi Stoke, ta tura shi West Ham, shekara uku a jere, har mutane suka cire rai. Antonio Conte ya zama kocin Chelsea a 2016 ya ba shi gefen dama gaba ɗaya, ya hau ya sauka, da shi aka ɗauki kofin Firimiya a wannan kakar. Brighton ta tura Simon Adingra Union Saint-Gilloise ta Beljiyam kafin ya dawo ya samu gurbi, kuma shi ya bayar da ƙwallaye biyun da Kwaddebuwa ta ci Najeriya a wasan ƙarshe na kofin Afirka a Fabrairun 2024.

Wanda ya fi taɓa mini zuciya Serge Gnabry ne. Arsenal ta tura shi West Brom a 2015, kocinsu Tony Pulis ya fito fili ya ce bai kai matsayin da zai buga musu ba. Wasa ɗaya tak ya yi musu a gasar Firimiya, shi ma daga benci. Wata shida na ƙuruciyarsa suka tafi a banza, kuma laifin na waɗanda suka zaɓa masa wurin ne. Ya koma Jamus, ya bi ta Werder Bremen, Bayern Munich ta saye shi ta sake ba da shi aro Hoffenheim, inda a wannan karon aka sa shi wasa. A watan Oktoban 2019 ya dawo Landan cikin rigar Bayern ya zura wa Tottenham ƙwallo huɗu, aka tashi 7-2.

Lokaci ya cim mana. Sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.