Lacca: Haɗa wa Katin Hoto Akwatin Wuta na Biyu

Assalamu alaikum. Na baya kuna ji na? To, madalla.

Akwatin wuta shi ne na'urar da ke karɓar wutar bango ta raba wa sassan kwamfuta. Abin da ke kai mutum ga sa na biyu a kwamfuta yawanci abu ɗaya ne: ya sayi katin hoto mai cin wuta, wato katin da ke sarrafa hoton da ake gani a fuskar kwamfuta, akwatinsa kuma ba zai iya ɗauka ba. Bari mu fara da lissafi. Ramin PCIe, inda ake soke katin a jikin madabod, wato babban allon da komai ke jone da shi, yana ba wa kati wat 75, ba ya wuce nan. Filogi mai fil 6 da ke zuwa kati daga akwatin wuta yana ƙara 75, mai fil 8 kuma 150. Sabon nan mai fil 16 da ya zo da tsarin akwatunan wuta na ATX 3.0 a 2022 yana kaiwa wat 600. Katin RTX 4090 na Nvidia shi kaɗai wat 450 yake nema. Ka ga mai akwatin wat 500 ai ba shi da ta cewa.

Ni dai ra'ayina, in da hali, a sayi babba guda ɗaya a huta. Amma in ya zama dole sai biyu, to ku saurara.

Akwatin wuta ba ya tashi don kawai an jona shi a bango. Umarni yake jira. Ku dubi wannan babban filogin mai fil 24 da ke hannuna. A cikin wayoyin akwai koriya guda ɗaya tak, fil na 16 ke nan. Idan ka danna makunnin kwamfuta, madabod ne ke haɗa koriyar nan da baƙa, akwati ya farka. Na biyun kuwa ba ya jone da madabod, wa zai tashe shi? Shi ya sa wasu ke lanƙwasa 'yar waya su cusa tsakanin koriya da baƙa. Yana aiki, don gwaji na minti biyu. Amma barin sa haka ganganci ne: wayar na iya zamewa ana tsakiyar aiki, kuma ko ka kashe kwamfuta katin na ci gaba da shan wuta. Abin da ya dace shi ne ƙaramin allon nan da ake kira Add2PSU. Akwai rile a jikinsa, wato makunnin da wuta ke ɗana shi da kanta. Da zarar akwatin farko ya tashi, sai rilen ya ɗana, na biyu ya biyo shi. Tare suke tashi, tare suke mutuwa.

Sai wurin da aka fi yin ɓarna. Kada ka taɓa haɗa layin volt 12 na akwati biyu wuri ɗaya. Wannan yana ba da 12.1, wancan 11.9, sai mai ƙarfin ya dinga tura wuta cikin ɗan'uwansa, kamar tulu biyu da aka huda aka haɗa da bututu. Saboda haka idan katinka na da baki biyu masu fil 8, duka biyun su fito daga akwati ɗaya. Kuma kowane baki da wayarsa, kada a ɗora duka a kan waya ɗaya mai reshe. Layin ƙasa kuwa, wato wayar kariya ta uku da ke soket, dole su yi tarayya a kai, don haka a jona akwatunan a soket ɗaya mai layin ƙasa, wanda zai iya ɗaukar nauyinsu.

Wayoyin da ake cirewa daga jikin akwati ma ba a aron su. Bakin da ke shiga kati iri ɗaya ne ko'ina, amma wanda ke shiga akwati kowane kamfani da yadda ya jera nasa. Filogin zai shiga lafiya lau, ka kunna, ƙauri ya tashi.

Na'am, ɗan'uwa, tambaya ce? Yana tambaya ko za a iya ɗauko wuta daga filogin SATA, wanda ke ba faifan ajiya wuta, a kai wa kati da adafta. A'a. Iyakar SATA a layin volt 12 wat 54 ne, ka ɗora masa 75 ko 150 sai robar ta narke. Filogi mai fil 16 ɗin ma da aka yi ta ganin hotunansa a narke a ƙarshen 2022, binciken Nvidia ya nuna yawanci rashin tura shi ne har ƙarshe. Ka danna sai ka ji ƙas, sannan ka duba da ido kada ka ga rata. Kuma kada kowa ya kwance murfin akwatin wuta, kafasitocin ciki, masu tara wuta, suna riƙe caji ko bayan an zare daga bango. Akwai wata tambayar?