Katin Sakamako da Zaɓin Fanni: Lacca ga Iyayen Ɗaliban Ƙaramar Sakandare

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyaye maza, iyaye mata, malamai, da ku 'ya'yana da ke can baya, barkanmu da warhaka. Abubuwa biyar na zo da su, kuma Malam Shugaba ya ce kada mu kai azahar, don haka mu shiga kai tsaye.

Na farko shi ne katin sakamako. Yawancinmu idan yaro ya kawo kati, gurbi ɗaya muke dubawa: na nawa ya zo? Ya zo na uku, a yanka kaza. Ya zo na talatin, a ɗauko dorina. To, matsayi yana gaya maka inda yaro yake cikin 'yan ajinsu ne kawai, ba ya gaya maka abin da ya iya. Ku ajiye katunan zango uku a jere, ku bi darasi ɗaya-ɗaya. Kowane darasi yana da gida biyu: makin CA, wato gwaje-gwaje da aikin gida, wanda a wasu makarantu 30 ne, a wasu 40, sai makin jarrabawa da ke cike ɗarin. Idan CA ya yi sama jarrabawa ta yi ƙasa, ko dai yaron kwafar aikin gida yake yi, ko kuma ba ya bita sai daren jarrabawa. Idan CA ne a ƙasa jarrabawa a sama, yaron yana da kai, amma yana fashi ko ba ya miƙa aiki. Ciwo biyu ne, maganinsu daban.

Kuma cikin darussan nan akwai wanda nake so ku fara dubawa, shi ne lissafi. A nan zan ɗan zauna, ku yi haƙuri da ni. Yaron da zai faɗi lissafi a WAEC, jarrabawar kammala sakandare, ba a aji shida yake faɗuwa ba, tun a aji ɗaya da aji biyu na ƙaramar sakandare ya zame, ba wanda ya lura. Wurare uku yake zamewa, kuma dukkansu kuna iya gwadawa a gida yau da daddare, ko da ba ku yi boko mai zurfi ba.

Ka ce masa ya haɗa rabi da sulusi, ɗaya bisa biyu a tara da ɗaya bisa uku. Idan ya rubuta biyu bisa biyar, ya haɗa na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa ke nan, kuma ya ɓata. Amsar biyar bisa shida ce. Kada ka daka masa tsawa, ka ɗauko kuɗi: rabin naira 600 nawa ne? 300. Sulusinta fa? 200. An haɗa, 500. Ɗari biyar cikin ɗari shida. Nan take zai gani da idonsa. Sai lamba mai ragi: uku a cire bakwai. Yaro zai ce ba ya yiwuwa. Ka ce kana da naira uku, ka ci bashin kayan naira bakwai, me ya rage? Ana bin ka huɗu. Wannan ko mai sayar da ƙuli ya san shi, alamar da ake rubutawa ce kawai take firgita yaron. Na ukunsu shi ne ranar da harafi ya shigo lissafi: 2x a tara da 3 ya ba da 11, x nawa ne? Huɗu. Yaron da bai riƙe jadawalin ninkawa har gidan 12 ba, a nan yake tsayawa cak, domin hankalinsa yana can wajen ƙirga da yatsu, malami kuma ya riga ya goge allo.

Ina maimaitawa, rabi da sulusi, bashi, da x. Me za a yi? Minti ashirin kullum, tambayoyi biyar, da fensir da takarda, ba karanta littafi da ido ba. Lissafi ba a haddace shi. Yaranmu, masha Allahu, suna da ƙarfin hadda, Islamiyya ta horar da su, shi ya sa za su haddace misalin da malami ya yi a allo tsaf, amma da an sauya lamba ɗaya sai a nemi amsa a rasa. Kai mai farar hula a layi na biyu, na ga kana dariya, na taɓo ka ko? Kuma wani lokaci ba lissafin ne matsalar ba, Turancin tambayar ne. Ku sa yaro ya karanta sakin layi ɗaya a littafin kimiyya da ƙarfi, ya rufe, ya bayyana muku da Hausa. Idan ya kasa, malamin karatu yake buƙata kafin malamin lissafi, kada ku ɓata kuɗin lesin.

Me ya sa na nace? Saboda a ƙarshen aji uku za a yi jarrabawar BECE, daga nan a raba yara: kimiyya, adabi, kasuwanci, ko makarantar fasaha. Wannan na biyu ke nan, ko na uku ne? Mu dai ci gaba. Mai son likita, a JAMB, jarrabawar shiga jami'a, zai rubuta Turanci, Physics, Chemistry da Biology. Injiniya: Turanci, lissafi, Physics, Chemistry. Mai son lauya ba makawa sai ya yi adabin Turanci, kuma da yawa ba sa sani sai sun zo cike fom, alhali ba su zauna ajinsa ba tun aji huɗu. A Kano, kwalejojin kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, da aka buɗe a 1977, da jarrabawa ake shiga, kuma 'yan aji uku ne suke yin ta. Wanda ya ci ya tafi, Allah Ya sa albarka. Amma uba ya tura yaron da makinsa na lissafi bai taɓa haura 40 ba cikin zango shida zuwa ajin kimiyya don maƙwabci yana da ɗa likita, wannan cutarwa ce. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Makarantar fasaha tana da jarrabawarta ta NABTEB, kuma da takardarta ana wucewa gaba.

Sauran zan bi su da sauri. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da sabuwar manhaja da ta rage yawan darussa, ta sa kowane ɗalibi ya ɗauki sana'a ɗaya, irin su haɗa sola, ɗinki, kiwo da gyaran waya. Ku tambayi malamin aji wacce makarantarku take koyarwa. Sai suna: yadda aka rubuta shi a takardar haihuwa, haka zai kasance a NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, haka a rajistar BECE. Muhammad a nan, Mohammed a can, ranar haihuwa iri biyu, wahala ce ake tara wa yaro, domin JAMB ba ta rajista sai da NIN. Barci: ɗan shekara 13 yana buƙatar awa takwas zuwa goma, don haka waya ta kwana a ɗakin uwa. Sai kuma...

Na'am, Hajiya? A miƙa mata makirufo.

Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce 'yarta tana aji biyu, da tana ƙoƙari, yanzu ta ja baya, wasu ranakun ma sai ta ce ba za ta je ba, ciki na ciwo. Hajiya, kin yi tambaya mai kyau, kuma kada ki fara da faɗa. Ki je wajen malamar ajinsu ki nemi rajistar halarta, ki rubuto ranakun da ta yi fashi. Idan kwana biyu ko uku ne a jere kusan kowane wata, jinin al'ada ne, tana jin kunyar faɗa. Ki tanadar mata audugar mata, ki sa ɗaya a jakarta kullum, idan ciwon mara yana kwantar da ita ku je asibiti. Idan rana ɗaya ce takamaimai a mako, ki duba jadawalin darasi, akwai malami ko darasin da take gudu. Idan ba tsari, ki tambaye ta wa take zama da shi a aji, da wa suke dawowa, wa ke tsayar da ita a hanya. Ki yi tambayar kuna aiki tare, kina tsinke zogale tana taya ki, ba a gaban yayyenta maza ba. Ki kuma buɗe littattafanta: idan rubutun da ta kwafo daga allo cike yake da gibi da kurakurai, tana kuma yawan ciwon kai, a gwada idonta, a roƙi malama ta dawo da ita layin gaba. Idan kuwa ta ambaci wani babba da ke taɓa ta ko yake ba ta kuɗi, ki gaskata ta, ki zo ofishin ba da shawara a ranar, ke kaɗai tukuna, ba sai kin jira ƙarshen zango ba. Ofishin a buɗe yake daga taron safe har a tashi.