Daga Salem: Wasan da Ya Yi Zagi a Kasuwa

Assalamu alaikum jama'ar Kaduna, na Tudun Wada da Rigasa da Kawo da Unguwar Rimi, da duk wanda wannan bidiyo ya iske. Yau ina yi muku magana ne daga Salem, wani ƙaramin gari a bakin teku a jihar Masachusets ta Amurka, tafiyar kamar rabin sa'a a jirgin ƙasa daga birnin Boston. Wannan fili da ke bayana, mai katangar dutse ta ɓangare uku, an buɗe shi a 1992, shekara 300 cif bayan shari'ar maita da zan ba ku labarinta. Bari in matso da kyamara. Duwatsu 20 ne suka fito daga jikin katangar kamar benci, kowanne an sassaƙa masa suna, da ranar da aka kashe mai sunan, da yadda aka kashe shi. A ƙasa kuma, daidai mashiga, an rubuta kalaman da suka yi a gaban alƙalai suna rantsuwar ba su da laifi, amma da gangan aka bar katangar ta hau kan rubutun ta yanke zancen bai ƙare ba.

Abin ya faro ne a farkon 1692, a wani ƙauye kusa da nan, a gidan limamin cocin ƙauyen, Samuel Parris. 'Yarsa Betty mai shekara 9 da 'yar ɗan uwansa Abigail Williams mai shekara 11 suka fara faɗuwa suna shure-shure, suna ihu cewa ana mintsininsu ana cizonsu. Likita ya duba bai ga ciwo ba, sai aka ce maita ce. Da aka matsa wa yaran su faɗi wanda ya kama su, suka ambaci mata uku: Tituba, baiwar gidan, Sarah Good, matalauciya mai bara, da Sarah Osborne, marar lafiya wadda ta daɗe ba ta zuwa coci. Ku lura da waɗanda aka fara da su, babu mai gata ko ɗaya. Kafin ƙura ta lafa an zargi mutane wajen 200, an rataye 19, mata 14 da maza 5, wasu kuma sun mutu a kurkuku. Wani dattijo, Giles Corey, da ya ƙi yarda a yi masa shari'a, aka kwantar da shi aka riƙa jibga masa duwatsu a ƙirji har ransa ya fita.

Yadda kotun ta yi aiki shi ne abin da ya fi tsaya mini a rai. Ta karɓi shaidar da babu mai iya ganinta sai mai ƙara: yarinya ta ce kurwar wance ta zo mata da dare ta shaƙe ta, shi ke nan an samu hujja. Ta yaya mutum zai kawo shaidar inda kurwarsa ta kwana? Sannan duk wanda ya amsa laifi, ya ce lallai shi maye ne, ya kuma lissafo abokan maitarsa, ba a rataye shi ba. Waɗanda suka tsaya a kan ba su yi ba, su ne suka hau igiya. Kotu ta mayar da ƙarya hanyar tsira, kowace ƙarya kuwa tana haifar da sababbin sunaye. Rebecca Nurse, tsohuwa mai shekara 71 wadda maƙwabta 39 suka sa hannu a takarda suna shaidar kirkinta, da farko an wanke ta, amma da yaran suka ɓarke da kururuwa a cikin kotun aka sa masu yanke hukuncin su sake shawara, suka dawo suka ce ta yi. An rataye ta ranar 19 ga Yuli. Sai a watan Oktoba, bayan zargi ya fara hawa kan manyan gari, Gwamna William Phips ya rushe kotun.

Da ba don wani marubucin wasan kwaikwayo mai suna Arthur Miller ba, da wataƙila ni da ku ba mu taɓa jin sunan wannan gari ba. A 1950 wani sanata, Joseph McCarthy, ya tsaya a gaban taro ya ce yana riƙe da sunayen 'yan gurguzu da ke aiki a ma'aikatar harkokin wajen Amurka. Lokacin yaƙin cacar baka ne da Tarayyar Sobiyet, mutane a tsorace suke, magana ta kama kamar wutar daji. A majalisar wakilai kuma akwai wani kwamiti daban, wanda tun 1947 yake kiran 'yan fim da marubuta yana tambayarsu ko sun taɓa shiga jam'iyyar gurguzu, da kuma su wa suka gani a wurin taro. Wanda ya ba da sunaye ya ci gaba da sana'arsa, wanda ya ƙi kuwa kamfanoni su daina ba shi aiki, wasu har da ɗauri. A watan Afrilun 1952 babban aminin Arthur Miller, darakta Elia Kazan, ya bayyana gaban kwamitin ya ambaci mutum takwas. A wannan shekarar Miller ya zo nan Salem ya zauna yana karanta takardun shari'ar 1692, kuma a Janairun 1953 aka fara nuna wasansa, The Crucible, a birnin Niyok.

A cikin wasan babu sanata, babu kwamiti, babu kalmar gurguzu ko sau ɗaya. Manoma ne da limamai da alƙalai na shekara 260 da suka wuce. To amma wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma wanda aka zaga ma ya sani. A 1954 gwamnati ta hana Miller fasfo lokacin da zai je Beljiyam ganin wasan nasa. A 1956 kwamitin ya kira shi, ya amsa tambayoyi a kan kansa amma ya ce ba zai ambaci kowa ba. A 1957 aka same shi da laifin raina majalisa, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1958. Wato abin da ya rubuta wa gwarzon wasansa, John Proctor, wanda ya yayyaga takardar amsa laifi ya zaɓi rataya a kan ya ɓata sunansa ya kuma jefa wasu, shi ne ya zo ya same shi bayan shekara uku, ko da yake shi ba ransa aka nema ba.

Ina da ƙorafi a kan wasan, kuma ba ƙarami ba ne. Abigail ta tarihi yarinya ce mai shekara 11, Proctor kuma dattijo ne mai kimanin 60. Miller ya ɗaga shekarunta zuwa 17, ya rage nasa, ya ƙirƙiro soyayya ta ɓoye a tsakaninsu, har ya zama kishi ne ya tura ta zargin matarsa. Wannan ya ƙara wa wasan armashi, amma ya sauke wani kaso na laifin daga wuyan manyan mutane masu ilimi da suka sa hannu a takardun kisa, ya ɗora a kan yarinya. Yara ba su da kurkuku, ba su da igiya.

Akwai kuma waɗanda suka soki Miller tun a lokacin, suka ce kwatancen bai yi ba, domin babu mayu a Salem, alhali 'yan leƙen asirin Sobiyet sun kasance da gaske a Amurka. A nan ne nake ganin mu mutanen Kaduna za mu fi Bature fahimtar wasan, domin da yawanmu ba ma shakkar akwai maita. Ina yaro a Tudun Wada na ga an fito da wata tsohuwa mai sayar da ƙosai daga ɗakinta, saboda wata yarinya da zazzaɓi ya yi wa zafi ta kira sunanta. Aka ce sai ta tsallaka yarinyar ta sakar mata kurwa. Ta tsaya tana kuka tana rantsuwa, ɗankwalinta ya faɗi babu wanda ya miƙa mata, samari kuma suna ta matsowa da sanduna. Idan ta ƙi tsallakawa, an ce taurin kai irin na mayya. Da ta tsallaka don ta tsira, shi ke nan ta amsa. Daga ranar babu wanda ya ƙara sayen ƙosanta, kafin damina ta bar unguwar. Mutanen Salem ma haka suke, sun yarda da maita ɗari bisa ɗari, kuma cikin waɗanda suka taka wa shari'ar birki akwai babban malaminsu Increase Mather, wanda bai taɓa musun maita ba, amma ya rubuta cewa gara mutum goma da ake zargi da maita su kuɓuta da a kashe mutum ɗaya marar laifi. Ba sai ka daina yarda da wanzuwar abu ba kafin ka nemi hujja. Malamanmu sun karantar da mu tun a zaure cewa kawo hujja yana kan mai ƙara, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa.

Ta fuskar siyasa ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu sun ba mu labarin yadda aka riƙa gurfanar da 'yan NEPU a kotunan alƙalai a shekarun 1950, da yadda aka sha ɗaure Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya. Yanzu kuma ba a ma buƙatar kotu, saƙon murya ɗaya a WhatsApp ya isa a tara jama'a a kan baƙo a tasha, wai ya gaisa da wani ya ɗauke masa mazakuta.

Wasu daga cikinku da ke harkar wasan kwaikwayo, musamman ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello, sun sha tambayata ko irin wannan wasa zai karɓu da Hausa. Ina ganin zai karɓu, amma shawarata kada a ɗauko labarin a dasa shi a Kaduna, kada a mayar da limamin Salem malamin unguwa, ko alƙalan su zama wata hukuma da kowa zai gane. Da zarar an yi haka, rabin 'yan kallo za su fara lissafin ɓangaren da aka taɓa, su daina sauraro, ƙila ma a tashi ba a gama ba. A bar su da sunayensu da manyan hulunansu da shekararsu ta 1692, a fassara maganar kawai da Hausa mai kyau. Mutum ya fi iya zama ya kalli laifin baƙo har ƙarshe, kuma dabarar da Miller ya yi ke nan da ya koma baya shekara 260.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga Danvers, wato ainihin ƙauyen da abin ya faro, wanda daga baya aka sauya masa suna. Gidan Rebecca Nurse yana nan tsaye, ana barin baƙi su shiga, zan nuna muku cikinsa. A gaida mutanen gida.