Ranar da Shugaba Ba Ya Nan

(An rubuto wannan lacca daga faifan murya da aka naɗa a wani taron shugabannin ƙungiyoyin sa-kai da na ci gaban unguwanni. Maimaicin baki kawai aka rage.)

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, iyayena maza da mata, malamaina, da ƙannena da ke zaune can baya, sannunku da zuwa. Na san akwai waɗanda tun bayan sallar asuba suke kan hanya, Allah ya saka da alheri.

An ce in yi magana a kan yadda za mu ƙarfafa shugabancin ƙungiyoyinmu. Ina roƙon kowane shugaba da ke ɗakin nan ya yi wa kansa tambaya ɗaya a zuci: in yau Allah ya karɓi raina, ko ciwo ya kwantar da ni wata shida, ƙungiyata za ta iya biyan kuɗin makarantar marayunta a zango mai zuwa? Ku riƙe amsar, za mu dawo kanta.

A wata unguwa da na taɓa zama, akwai wani dattijo ɗan kasuwa da ya kafa ƙungiyar tallafa wa marayu. Mutum ne mai amana, ban taɓa jin wanda ya zarge shi da cin ko kwabo ba, kuma har gobe ina yi masa addu'a. Amma shi ne shugaba, shi ne ma'aji, shi ne sakatare. Attajirai shi suka sani, shi suke ba kuɗi. Sunayen yaran a kansa suke. Kuɗin kuma asusunsa na banki suke shiga, wanda yake cinikin shago da shi. Ya yi jinyar kwana uku, Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan sadakar bakwai aka wakilta mu uku mu je mu duba sha'anin ƙungiyar. Uwargidansa tana cikin takaba, ta bayan labule ta miƙo mana wata baƙar leda, ta ce a ƙarƙashin kujerar motarsa aka same ta. Muka zazzage ta a kan tabarma a zaure. Rasit ne birjik, wasu tawadarsu ta koɗe saboda zafi, wasu man mota ya jiƙa su. Na ɗauki wani guntun kwalin shayi, a bayansa ya rubuta sunan wani yaro, ya sa “saura dubu huɗu”. Har muka tashi ba mu gane ba, makaranta ce ke bin ƙungiya, ko wani ne ya yi alkawari bai cika ba. Banki kuwa da ya ji labarin rasuwa ya rufe asusu, sai an kawo takarda daga kotu. Kuɗin marayu ya cakuɗe da gado. Magadan nan ba mugaye ba ne, manyansu sun ce a cire duk abin da aka tabbatar na ƙungiya ne. To, amma a cikin magadan akwai ƙananan yara, su ma yanzu marayu ne, kuma babu wanda ke da ikon yafe haƙƙinsu a kan zato. Alƙali yana neman shaida, mu kuma leda gare mu. Kafin a warware zango biyu ya wuce. Ɗaya daga cikin yaran ya koma turin baro a kasuwa, bai sake komawa aji ba. Ina ganinsa har yanzu, yana gaishe ni, kuma duk ranar da muka haɗu sai jikina ya yi sanyi.

'Yan'uwa, amanar wannan dattijo ta gaske ce, sai dai tare da shi aka rufe ta a kabari, domin ba a zuba ta cikin wani abin da za a iya miƙa wa na baya ba. Abin da ake miƙawa kuwa shi ne rubutu.

Na san inda gizo ke saƙar. Mu mutane ne masu kunya da kara. In ka ce wa babba “Alhaji, ina rasit?” sai ka ji kamar ka kira shi ɓarawo a bainar jama'a, shi ma haka zai ji. Amma ku duba, ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu, kuma har ta ce kada a ƙosa da rubuta shi, ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, mutanen da ba mu kai ƙurar ƙafarsu ba wajen amana. Kuma kun san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓo zakka. Da ya dawo aka zauna aka yi lissafi da shi. Ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni. Annabi ya hau mumbari ya yi magana a kai, cewa me ya hana shi zama a gidan iyayensa ya gani ko za a kawo masa kyautar. Saboda haka shugaban da ɗan kwangila ya kai wa buhun shinkafa gida bayan an ba shi aikin ginin ajin ƙungiya, ya san inda maganar ta dosa. 'Yan'uwanmu Kiristoci da ke nan, na san a majami'u da dama ana karanta rahoton kuɗi a gaban jama'a, to abin da nake kira a kai ke nan.

Ba sai da kwamfuta ake yin wannan ba. Ma'ajin da ta fi burge ni a rayuwata wata dattijuwa ce a ƙungiyar mata masu ƙuli-ƙuli, karatun yaƙi da jahilci kaɗai ta yi. Littafinta irin na 'yan firamare ne, ta ja layi da biro a tsakiyar kowane shafi, shiga a dama, fita a hagu. Duk ranar taro, kafin a taɓa wata magana, sai ta miƙe ta gyara mayafi ta karanto shi da ƙarfi, har kuɗin ruwan leda da aka saya wa baƙi. In ta gama sai ta buɗe gwangwani a ƙirga abin da ke ciki a gaban kowa, mata biyu su dangwala yatsa a ƙasan shafi. Wata rana naira ɗari biyu ta yi ɓatan dabo. Ta hana a tashi har sai da aka tuno an ba mai a-daidaita-sahu. Matan nan ba sa fashin kuɗin wata, domin kowace ta san inda nairarta ta kwana.

Daga littafi sai asusu. Asusun ya kasance da sunan ƙungiya, masu sa hannu uku, ba a cire kuɗi sai biyu sun sa, kuma kada ukun su zama miji da mata da ƙanin miji. Banki ba zai buɗe muku irin wannan asusu yadda ya kamata ba sai kun yi rajista, kuma a Najeriya hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ce ke yin ta. Dokar kamfanoni ta 2020, wadda ake kira CAMA, a sashenta na F ta yi bayanin ƙungiyoyi irin namu masu amintattu, wato mutanen da ake damƙa wa amanar dukiyar ƙungiya. Za ku kai kundin tsarin mulkinku da sunayen amintattu, a buga sanarwa a jarida, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. In takarda ta fito, ƙungiya ta zama kamar mutum mai zaman kansa a gaban shari'a: za ta mallaki fili da sunanta, kuma mutuwar wani ba ta taɓa dukiyarta. Ko rushe ta aka yi, ba a raba kayanta tsakanin mambobi, wata ƙungiya mai irin manufarta ake miƙa wa. Da dattijon nan ya yi wannan, da yaron can yana aji. Sai dai da yawanmu da zarar takarda ta fito sai mu sa ta a gilashi mu rataye a bango, mu manta cewa kowace shekara akwai rahoton da doka ta ce a kai wa hukumar. Ranar da mai ba da tallafi ya bincika ya ga shekara biyar ba ku kai ba, ba zai ko kira ku ya ji dalili ba. Kun kuma tuna hayaniyar da aka yi a kan sashe na 839, wanda ya ba hukumar damar dakatar da amintattu in an samu almundahana, har shugabannin addini suka yi ta suka. Kowa da ra'ayinsa a kai. Ni dai a ganina wanda littafinsa ke a buɗe ya rage wa kansa rabin fargaba.

Su kuma amintattun, don Allah a daina zaɓensu don ado. Mun saba mu jera sunan hakimi da tsohon kwamishina da babban malami, alhali ba su taɓa zama taro ɗaya ba, wani ma bai san an sa shi ba. Ku nemi mutanen da za su zo, su karanta takarda, su iya duban shugaba su ce “Ranka ya daɗe, wannan bai yi ba”, ya kuma haƙura.

Yanzu ga maganar da ta fi ɗaci, wato sauka daga kujera. Wanda ya kafa ƙungiya yana ganinta kamar 'yar cikinsa, kuma ina fahimtarsa, shi ya sha rana lokacin da babu kowa. Amma 'ya ma in ta girma aurar da ita ake yi. Ku dubi FOMWAN, tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi da aka kafa a Minna a 1985. Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko ta ƙasa. Ta yi wa'adinta ta sauka tana da ranta da lafiyarta, aka zaɓi wata, aka ci gaba da haka, har marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, 'yar jarida, ita ma ta riƙe ta miƙa. Da Hajiya Aisha ta rasu a 2019, makarantu da asibitocin ƙungiyar ba su rufe ba, domin an daɗe da koyon tafiya ba tare da hannunta a kan linzami ba.

Kada wani ya ce wannan tsarin Turawa ne. Nana Asma'u 'yar Shehu Usman Ɗanfodiyo ba ta tsaya jiran matan ƙauye su dogara da ita kaɗai ba. Ta zaɓi mata dattijai ta horar da su, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malafa a ka don kowa ya san an ba ta izini, ta ba su karatun a cikin waƙoƙi da za su haddace su kai garuruwansu. Su ne 'Yan Taru. Ta rasu a 1864, ƙanwarta Maryam ta ci gaba, aikin ya zarce bayansu duka. To kai shugaba, wa ka ɗora wa malafa? Matashin da ke ɗauko maka jaka shekara takwas, ka taɓa barinsa ya jagoranci taro kana zaune kana saurare? Ka taɓa kai shi wurin attajirin da ke ba ku kuɗi ka ce “Alhaji, ga wanda za ka riƙa gani in ba na nan”? Ku rubuta wa'adi a kundinku, shekara uku ko huɗu sau biyu, ku rubuta shi tun ana dariya da juna. Tun ran gini, tun ran zane.

Zan taɓo kuɗin waje kaɗan. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya aka rufe hukumarta ta bayar da tallafi, wato USAID. 'Yan'uwanmu da suka zo daga Borno da Yobe sun fi ni sanin abin da ya biyo baya, ayyuka sun tsaya, an sallami ma'aikata. Ba ina cewa a ƙi tallafi ba ne, a karɓa a gode. Amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin wata na mambobi, komai ƙanƙantarsa, shi ne naku. Sannan ga waƙafi, wanda muka bari ya yi barci. Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a, Sayyidina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, ba a sayarwa, ba a gado, amfaninta kawai ake ci. Shago biyu a bakin kasuwa da sunan ƙungiya, da takardarsu, hayarsu za ta riƙe albashin sakatare ko da kowa ya juya muku baya. Na ce albashi da gangan. Yaron da ke zama ofis daga safe zuwa la'asar yana da ciki, wataƙila da iyali. In kun ce lada kaɗai zai ci, ranar da ya samu aiki zai tafi da duk abin da ya koya, ku sake sabon lale.

Abu na ƙarshe, mu rage auna kanmu da hoto. An raba keken ɗinki 20, an ɗauki hoto an sa a Facebook, an tashi. Bayan wata shida wa ya koma ya duba guda nawa ke aiki, guda nawa aka sayar aka sayi masara? In an sayar, kada ku yi fushi da matar, ku zauna ku tambaye ta. Wataƙila a layinsu teloli sun yi yawa, jarin awara take buƙata, ba a dai tambaye ta ba tun farko. Ku rubuta abin da ta faɗa a littafin taro, don wanda zai gaje ku kada ya sake sayo keke.

Shugaban taro, na ga lokacin salla ya gabato. Bayan azahar za mu rabu rukuni-rukuni. Wanda ya zo da littafin kuɗin ƙungiyarsa ya fito da shi mu duba tare, babu mai yi wa wani dariya. Wanda bai da shi kuma, na zo da sababbi guda goma da biro, ya same ni a ƙarƙashin bishiyar darbejiyar can mu ja layin farko. Na gode, wassalamu alaikum wa rahmatullah.